Batirin da muka ce ya mutu

A yawancin gidajenmu akwai wata durowa ko tsohon gwangwanin madara da ake zuba tarkace a ciki: makullan da aka manta ƙofarsu, ƙusoshi, sulalla, sai kuma baturan rediyo da na tocila da na tsohuwar waya. Da zarar batiri ya kasa tayar da na'ura sai mu ce ya mutu, alhali sau da yawa da sauran wuta a cikinsa, kuma ƙarfe ɗaya da ya haɗa kawunansa biyu ya isa ya sa shi ɗaukar zafi. Ƙaramin batirin nan mai kusurwa huɗu, mai bolt 9, ya fi saurin haka, domin kawunansa biyu a gefe guda suke. Idan ya gogi soson ƙarfe na wanke tukunya, nan take soson zai iya kamawa da wuta.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne batirin litiyom da ke cikin wayoyi da fawa bank da fitilun caji. Idan ya huje, ko ya lotse, ko zafi ya yi masa yawa, da kansa yake ƙara wa kansa zafi har ya tashi da wuta mai wuyar kashewa da hayaƙi mai guba. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwa saboda baturanta suna kamawa da wuta, kuma wannan haɗarin ne ya sa kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a saka fawa bank cikin kayan da ake lodawa a ƙasan jirgi. To, ina ga fawa bank marar suna da aka saya a bakin titi, aka bar shi a gaban mota cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40? Na sha ganin waya da bayanta ya ɗago saboda batirin ya kumbura, mai ita ya ɗaure ta da roba, ya jona caji, ya tura ta ƙarƙashin matashin kai ya kwanta.

Rashin wutar lantarki ya shigo da manyan baturan sola da inbata cikin ɗakuna. Masu ruwa a cikinsu suna fitar da iskar haidurojin yayin caji, iskar da tartsatsi kaɗan ke tayarwa, amma sai a kulle su a sito marar taga, kusa da jarkar fetur ɗin janareto. A ganina masu haɗa sola suna da alhaki a nan, domin su suka san haɗarin, kuma su ke zaɓar inda za a ajiye batirin.

Ƙananan baturan da suka gama aiki a manna musu salatif a kai, a raba su da ƙarfe, a ajiye su a inuwa. Wanda ya kumbura a daina cajinsa, a fitar da shi daga ɗakin kwana. Kada kuma a jefa su cikin shara, domin a unguwanninmu ƙona bola ake yi, kuma galibi yara ne ke tsaye a gefenta suna tona wutar da kara.