In tattalin arziki ya karye, a kemis ake fara gani

Duk sanda aka ce tattalin arziki ya shiga wani hali sai ka ji masana sun cika rediyo da zancen dala da ɗanyen mai, amma ni dai a ganina kemis ɗin unguwa ya kamata a fara leƙawa. Ka tsaya a ɗaya a Nyanya ko Kubwa da ke Abuja bayan magariba, za ka ga mai hawan jini ya zo ya ce a ba shi na kwana uku, mai kemis ya ɗauko almakashi ya datse katin maganin, ragowar watan kuma sai tawakkali. Yaro jiki rau da zazzaɓi, ba gwaji ba komai, a sayi rabin maganin maleriya a tafi gida.

Haka aka yi da tattalin arziki ya karye a 2016, aka maimaita a 2020, sannan aka cire tallafin mai a Mayun 2023, naira ta zube, kamfanin magunguna na GSK ya ce zai tattara ya bar Najeriya, kuɗin Ventolin na masu asma ya yi tashin gwauron zabi. A hukumance wai wannan karon ba karayar tattalin arziki ba ce, to Allah ya kyauta.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne da zarar kuɗi sun ja baya lafiya ake tsukewa, alhali lokacin ne talaka ya fi buƙatar asibitin gwamnati tunda na kuɗi ya fi ƙarfinsa. Girka ta gwada haka bayan 2010, ta zaftare kuɗin lafiya, sai ga cuta mai karya garkuwar jiki ta ƙaru a tsakanin masu allurar ƙwaya, har maleriyar da suka daɗe da rabuwa da ita ta dawo. Mu kuwa a nan Abuja shugabannin Afirka suka zauna a 2001 suka yi alƙawarin ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, har yau ko rabi da ƙyar muke taɓawa, sama da kashi 70 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita.

Rabon shinkafa ba laifi ba ne, amma ba ya sauke hawan jini. Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, a saki kuɗin nan a kan lokaci, a ƙara a kai, a zuba maganin hawan jini da na suga kyauta a asibitocin sha-ka-tafi, kuma duk tsukewar da za a yi wa kasafi a fara da motocin manya.