Ku bar akwatin nan, ku je ku cire hita

Don girman Allah a daina turo min bidiyon ɗan akwatin nan da ake cewa wai yana rage kuɗin wutar lantarki. Na gani. Na kuma ga masu tambayar "nawa ne, ana kawowa Kano?" a ƙarƙashinsa, har da mutanen da nake jin nauyinsu, masu digiri bibbiyu. Amsata ɗaya ce: damfara ce. Wai ka soka wani ɗan abu a soket, koriyar fitila ta kama, shi ke nan mita ta tsorata ta rage gudu, kuɗin wutarka ya dawo rabi. Ma sha Allah. Injiniyoyin duniya kaf sun yi barci, sai mai talla a TikTok ne Allah ya yi wa buɗi.

Ka kai shi wurin mai gyaran rediyo ya kwance maka. Kafasita ce irin ta fanka, da 'yar fitila, sauran kuma fanko. Mitar gida ainihin wutar da kayanka suka sha take ƙirgawa, kuma akwatin nan ba ya hana hita ko firji shan ko ɗigo. 'Yar fitilar da ke burge ka ɗin ma daga katinka take ci. Laya ce kawai aka yi wa fulogi.

Abin da ya fi ba ni haushi ba mai sayarwar ba ne, shi neman abinci yake ta hanyar da ya zaɓa, shi da Allahnsa. Masu sayen ne. Mutum zai cire dubban nairori ya sayi fanko, alhali a banɗakinsa akwai hita tsome a bokiti tun asuba, ruwa ya tafasa ya gaji yana ta huci, kowa ya manta da shi. An bar jaki ana dukan taiki.

Zafi ne ke cin katinka. Duk abin da aikinsa haifar da zafi, ko yaƙi da zafi, shi ne ɓarawon gidanka. Sauran duk 'yan rakiya ne.

Mu yi lissafi, tunda an ce ni mai surutu ne. Kowa ya san abin da ya faru a Afrilun 2024, ranar da hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin 'yan Band A, wato rukunin da aka ce sun fi kowa samun wuta, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit. Aka yi ihu, aka sauko da shi kaɗan a watan Mayu, a Yuli ya tsaya a naira 209 da kwabo 50. Ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kai, ka koma wajen naira 225 ɗin da aka ce an rage. Ma'ana a wannan farashin in ka sayi katin dubu goma, abin da zai shigo maka bai wuce yunit 44 da ɗoriya ba, in ma ba a cire maka tsohon bashi a ciki ba. (Ku riƙa karanta rasit. Da yawa masu cewa mita na gudu, bashin mai gidan haya ko na wanda ya tashi suke biya ba su sani ba.)

Yunit ɗaya kuwa ba wani sirri ba ne: abu mai wat 1000 ya yi awa ɗaya a kunne. Kowane kayan wuta an rubuta wat ɗinsa a jiki, a ƙasa ko a baya, ba wanda ke dubawa.

Hitar nan ta tsomawa a bokiti, mai wat 1500. A gidan da ake jona ta awa ɗaya kacal a rana, maigida ya yi wanka, uwargida ta yi, a yi wa 'yan makaranta, yunit ɗaya da rabi ke nan kullum, 45 a wata. Katin dubu goman nan gaba ɗaya ya tafi a ruwan wanka. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira dubu 70. Kuma duk mun san da hunturu ba awa ɗaya take yi ba.

Yanzu dubi cajar waya, wadda maigida ke tayar da jijiyar wuya a kanta. Babbar waya, ka cika ta daga sifili kullum har wata guda, ba ta cinye yunit ɗaya ba. Wata guda cur! Amma a kan haka za a kwace wa yaro waya, a yi wa 'yar aiki faɗa, a hana maƙwabci ɗan caji, sannan Alhaji ya wuce ya jona dutsen guga mai wat dubu da wani abu don hula ɗaya, ya tafi amsa waya ya bar shi. Ba caja ba ce, Alhaji. Zafi ne.

Ƙwan fitila ma labarin ɗaya ne. Tsohon ƙwai mai jan haske, wanda in ka taɓa shi sai ka yarfe hannu, kusan kashi 90 na wutar da yake sha zafi yake mayar da ita, ragowar ce haske. Guda biyar masu wat 60, a zaure da tsakar gida da ƙofar gida da banɗaki da kicin, su kwana a kunne awa goma: yunit uku a dare, 90 a wata, sama da naira dubu 20 a farashin Band A. Sauya su da LED masu wat 9, haskensu ɗaya, lissafin ya dawo yunit 13 da rabi, wajen dubu uku. Kuɗin akwatin bogin nan da ka sayi ƙwayaye da shi, da tun watan farko ka ga canji. Wani zai ce LED na saurin mutuwa. Na arahar nan marasa suna ne ke mutuwa, kuma ko duk wata uku kake sauyawa ka ci riba. Ku wuce wurin.

Na san masu zuwa su ce: "Kai kuma kamfanin wuta ne ya ɗauke ka aiki? Maimakon ka zagi gwamnati kana gaya wa talaka ya kashe hita?" Na zaga, ku duba baya. Lokacin da ministan wuta Adebayo Adelabu ya fito a 2024 yana cewa 'yan Najeriya na barin firiza a kunne ne don wuta ta yi musu araha, aka yi masa ca har sai da ya ba da haƙuri, ina cikin masu cewa ya yi wa kansa. Ba a yi wa wanda ya kwana uku bai ga wuta ba wa'azin tattali. Ban kuma manta Oktoban 2024 ba, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta haura mako a duhu, kayan firizar mutane suka ruɓe. Duk gaskiya ne. Amma haushin minista ba ya loda kati. In mitarka ta fara ƙara ƙarfe biyun dare, daga Abuja ba wanda zai ji, kai za ka tashi kana laluben waya kana neman wanda zai ranta maka dubu biyu.

Akwai kuma masu cewa su ba Band A ba ne. To madalla, naka yunit ɗin ya fi araha, amma hitarka wat 1500 ce kamar ta ɗan GRA. Masu cewa ba su da mita, takarda kawai ake kawo musu a rubuta abin da aka ga dama: wannan zalunci ne, kuma tun 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a iya rubuta wa marar mita, ku nemi haƙƙinku, ku nemi mita. Ba da ku nake ba yau. Masu cewa a yi "baifas", wato a kewaye mita da waya, a huta kuwa, ba ni da ta cewa, sai dai na ga wasunku a sahun farko. Sata ce ko an yi ta da waya mai kyau.

Bari in ajiye zolaya, don abin ba na dariya ba ne. Akwai matan da firiza ɗaya ce jarinsu: ƙanƙara, zoɓo, kunun aya, lamurje. Da ita ake sayen littafin yara. Irin su ne akwatin nan zai fi cuta, don su ne suka fi neman sauƙi ido rufe. Hajiya, ba akwati kike buƙata ba. Duba robar murfin firizarki. Sa takardar kuɗi a bakin ƙofar ki rufe, ki ja; in ta zare salin-alin, sanyi na zurarewa, injin ba ya hutawa, ke kike biya. Sauya roba ya fi sayen kati araha. Janye ta daga jikin bango ta samu iska, kada ki ajiye ta inda rana ke duka ko kusa da murhu. Zoɓon da kika sauke, bar shi ya huce tukuna. In kin zuba shi da zafinsa, kin biya kuɗin gas kin dafa, kin kuma biya kuɗin wuta kin kashe zafin da kika saya. Ƙanƙarar da ta yi tudu a jikin bangonta, kashe ki narkar. Yaran da ke buɗewa duk minti biyar su leƙa ko ta yi, a sa musu doka. In kuma tsohuwar gwanjo ce wadda injinta ba ya tsayawa dare da rana, ki fara adashi, don arahar da kika samu ranar saye kina biyanta kowane wata.

Ruwan wanka kuma Allah ya ba mu rana kyauta, wadda Turawa ke hawa jirgi su zo nema. Baƙar jarka a tsakar gida da hantsi, kafin la'asar ta yi ɗumin da ya ishi wanka. Na asuba, a tafasa sau ɗaya a sirka wa kowa, a tsaya a kai, da ya yi a cire. Ruwan shayi a dafa a zuba a fulas. Ba sai an cika butar lantarki fal don kofi ɗaya ba, a dawo bayan awa ɗaya a sake tafasa ruwan da ya huce. Guga a tara a yi ta rana ɗaya. Wake da ganda a kan murhun lantarki kuwa, wannan sai dai in ce Allah ya ƙara arziki.

Masu AC, ku ma ku matso. Wanda ya ce muku in an sa ta a 16 ta fi saurin sanyaya ɗaki bai faɗa muku daidai ba. Da ƙarfi ɗaya take aiki, illa dai ba za ta tsaya ba don ba za ta taɓa kaiwa 16 ɗin ba a zafin Afrilu. Sai ka ga mutum ya sa 16 ya ja bargo. Ka biya kuɗin sanyi, ka kuma nemi maganinsa. Mai doki ɗaya da rabi tana shan sama da wat dubu in injinta na aiki, fankar sama kuwa wajen 70. Sa ta a 24 ko 25, kunna fanka ta juya iskar, rufe taga, toshe ƙarƙashin ƙofa, wanke ragar da ƙurar hunturu ta toshe. Ɗakin da ba kowa, a kashe. Ba rowa ba ce.

In har yanzu kana ganin ƙarya nake, mitarka na nan, ba ta san ni ba. Da daddare rubuta yunit ɗin da ya rage, da safe ka sake dubawa. Ko ka tsaya gabanta ka kalli jar fitilar nan mai ƙiftawa: jona caja ka ga yadda take ƙiftawa a kasalance, sannan a jona hita ka ga ikon Allah. Daga nan kashe komai na gidan, ka cire duk fulogi. In ta ci gaba da ƙiftawa, ko dai wayarin gidanka na zubar da wuta, ko kuma akwai maƙwabcin da kake ciyarwa ba ka sani ba. Kira mai gyara. Mai akwatin ma ya zo mu yi wannan gwajin a gaban jama'a, ya soka abinsa, mu jona hita, mu ƙirga. Ba zai zo ba.

Kuma ma tunda maganar zafi ake, wai wa ya fara kawo mana yayin baƙin kwano ne? Ka bi sababbin unguwanni ka gani: rufi baƙi ƙirin, tagogi 'yan mitsi-mitsi duk a gefe ɗaya, an sare darbejiyar da aka tarar a filin, an shafe tsakar gida da siminti har bakin katanga. Kakanninmu da ƙasa da azara suka yi soro mai kaurin bango, ka shiga da azahar ka ji kamar an yi yayyafi, ba su san wani abu wai shi Band A ba. Mu kuma mun gina tanda, mun shiga ciki, muna neman na'urar da za ta cece mu. Magina da masu zanen gida da ke shafin nan, ku fito ku yi min bayani, a garin da zafi ke haura digiri 40, baƙin rufin nan na mene ne?