Masu ƙulla maganin gajiya a leda, ku ji tsoron Allah

Da damina ta kankama, kakar wasu masu kemis da 'yan tallan magani a ƙauyukanmu na Jigawa ta yanke saƙa. Manomi ya wuni a duƙe yana noma, da yamma ya ce "a ba ni na ciwon jiki", sai a ƙulla masa ƙwayoyi a leda: diclofenac, ibuprofen, piroxicam, wani lokaci har da dexamethasone. Babu kwali, babu suna, babu mai tambayarsa ko yana da olsa. Ukun farkon nan fa 'yan gida ɗaya ne, aikinsu ɗaya. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, ɓarnar ce kawai take ƙaruwa.

Wace ɓarna? Bangon ciki da na hanji ƙwayoyin halitta ne jere, manne da juna. A cikin kowace akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, su ke sarrafa abinci da iskar da muka shaƙa su fitar da ATP, ƙarfin da ƙwayar ke rayuwa da shi. Waɗannan magunguna suna kutsawa cikin ƙwayar halittar su taru, su dagula wannan aiki. Tamkar injin niƙa ne da bel ya zame: yana ruri, yana shan mai, gari ba ya fita. Da ƙarfi ya ragu sai mannewar ƙwayoyin halittar ta saki, ruwan ciki mai tsami, ruwan maɗaciya da ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Ga shi kuma maganin ya riga ya rage furostagilandin, sinadarin da ke sa ciki ya yi majinar da yake kare kansa da ita. Shi ya sa ko allura aka yi ba a tsira ba, duk da wasu na cewa wai ita ba ta bi ta ciki.

Sai mutum ya fara jin zafin ƙirji, bayan gida ya koma baƙi wuluk saboda jinin da ke zuba a ciki, ido ya yi fari, jiri ya hana shi gona. Ya koma wajen mai kemis ɗin, a ce gajiya ce, a ƙara masa wata ledar! Haba jama'a! In abin ya ci tura a sayar da akuya, a nemi mota zuwa babban asibiti, a shiga neman mai ba da jini. Wanda ya ƙulla ledar kuwa yana rumfarsa yana ciniki.

Ina masu sa ido kan sayar da magani? Ko iyakarsu birni ne? Ranar kasuwa faranti cike da ƙwayoyi yake yawo cikin rana tsaka, ba a ɓoye ba.

Malam mai kemis, ba mu ce ka rufe shago ba. Ka bar magani a fakitinsa mu ga sunansa. Ka ba da iri ɗaya, na 'yan kwanaki. Tsoho, mai juna biyu, mai olsa da mai ciwon ƙoda, ka ba su farasitamol ko ka tura su asibiti.