Fim ɗin Dungeons & Dragons ba daga wasan kwamfuta ya fito ba

Mutane da yawa in suka ji an ce daga wasa aka ɗauko fim ɗin Dungeons & Dragons, sai su zaci wasan kwamfuta ake nufi. Ba haka ba ne. Wasan tebur ne da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Na kwamfuta daga baya suka biyo.

'Yan wasa kan zauna da takarda da fensir, kowa ya zaɓi abin da zai zama: mayaƙi, matsafi ko ɓarawo. Mutum ɗaya ke jan labarin, shi ke faɗin abin da ke gabansu, kogo ne ko dodo. In ka ce za ka tsallake rami, sai ka jefa ɗan lido mai fuska 20, lambar da ta fito ta yanke ko ka haye ko ka afka.

Don haka wasan ba shi da tsayayyen labari kamar littafi. Masu fim ɗin 2000 da na 2023 dodanni da tsafe-tsafen wasan suka ara, labarin kuwa su suka ƙaga. Mai ƙorafin wai an sauya labarin asali, wane labarin yake nufi?