Hawan jini ba ya jiran ka ji ciwon kai

Yana damuna yadda nake yawan jin waɗanda suka haura shekara 40 suna cewa, "Ai lafiyata ƙalau, ba ciwon kai, ba jiri, me zai kai ni awon jini?" Ban ga laifinsu ba, tunda yawancin cututtuka sukan yi sallama kafin su shigo.

Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya sallama. Idan shekaru suka fara ja, jijiyoyin jini kan yi tauri, sai zuciya ta riƙa tunkuɗa jini da ƙarfi. Wannan matsin yana cin ƙoda, ido da ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ba zafi ba raɗaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba.

Ga mai shekara 48, yana aikinsa garau, aka ɗaura masa na'urar awo a damtse, sai ga 160/100. Da jikinsa aka tambaya, da ya ce lafiya lau. Na'urar ce ta nuna, kuma idan awo ya kai 140/90 ko ya wuce a ranaku biyu daban-daban, likita zai kira shi hawan jini.