Lokacin da titin Gbagada ya zama tsakar gidan 'yan Legas

Duk wanda yake Legas a watan Afrilun 2020 zai tuna bidiyon nan da ya karaɗe wayoyi. Babban titin Gbagada, wanda a kullum motoci ba sa barin mai ƙafa ya tsallaka cikin natsuwa, ya cika maƙil da mutane da sassafe, maza da mata. Wasu na sassarfa, wasu na tattaki, wasu sun yi sahu suna tsalle-tsalle, wani a gaba yana ƙirga musu. Kwanaki kaɗan ke nan da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya dokar kulle saboda annobar korona a Legas da Ogun da Abuja, wadda ta fara aiki a Legas daga ƙarfe 11 na daren 30 ga Maris. An ce kowa ya zauna a gida, sai ga jama'a a kan kwalta kamar ana hawan sallah.

Zagi aka yi ta yi musu. Aka ce ba su da hankali, aka ce mutanen da ba su taɓa motsa jiki ba a rayuwarsu yau sun zama 'yan tsere don kawai an hana fita. 'Yan sanda suka shiga kame, aka gurfanar da wasu a kotu. Ni ma a lokacin na ga baƙinsu, ba zan ɓoye ba, domin tsoro ya cika mu. Tun da aka tabbatar da mutum na farko mai korona a ƙasar nan, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas a ƙarshen Fabrairu, kowace rana adadin sai hawa yake, kuma Legas ce kan gaba. Amma da na natsu na dubi unguwarmu ta Agege, sai ra'ayina ya sauya, kuma har yau ina nan a kansa: wancan taro ya nuna ƙarancin filin da garin ke da shi fiye da yadda ya nuna taurin kan mutanensa.

Mu Hausawa mun san kalmar kulle tun kafin korona. Iyayenmu mata da yawa a Arewa sun yi rayuwarsu a kulle, kuma sun iya ta ne saboda yadda aka gina gidan Bahaushe. Akwai zaure, akwai tsakar gida a buɗe tana kallon sama, akwai rumfa, sau da yawa akwai bishiyar dalbejiya ko mangwaro. Mace tana daka, tana shanya, tana shara, yara na guje-guje, iska na shiga tana fita. Ba ta taka titi ba, amma ta ga rana, ta motsa jiki, ta yi hira da maƙwabciya ta kan katanga. Yanzu a ɗauki wannan kalma a kawo ta Agege ko Idi-Araba ko Ijora, inda gidan haya ɗakuna ne a jere suna kallon juna, da ɗan siririn lungu a tsakiya, irin wanda 'yan gari ke kira fes-mi-ai-fes-yu. Iyali guda a ɗaki guda. Banɗaki ɗaya ko biyu ga gidan gaba ɗaya. Risho da murhun gawayi a lungun da ake bi a wuce. Ga zafin Afrilu kafin damina ta kankama, ga wuta da ake ɗaukewa fanka ta tsaya cik. A irin wannan gida aka ce mutum ya zauna mako biyu, aka ƙara biyu a ranar 13 ga Afrilu, aka ƙara ɗaya, har mako biyar suka cika kafin a fara sassautawa a ranar 4 ga Mayu.

Wasu ma ɗakin ba su da shi. 'Yan ci-ranin da ke kwana a shago a Mile 12, masu tura ruwa a kura, masu shayi da teburinsu shi ne makwancinsu, masu gyaran takalma, 'yan acaɓar da tun 1 ga Fabrairun shekarar gwamnatin jiha ta hana su aiki a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere. Samari goma a ɗaki ɗaya ba abin mamaki ba ne a cikinsu, kuma tsarin kwanansu ya dogara ne a kan cewa da rana kowa yana waje, wasu ma masu gadi ne da ke kwana a bakin aiki. Da aka mayar da su ciki gaba ɗaya a lokaci guda, tazarar da likitoci ke ta nanatawa ta fi samuwa a bakin titi fiye da a ɗakin.

Akwai kawuna da muke zaune kusa, dattijo mai ciwon suga da hawan jini. Bai taɓa cewa zai fita motsa jiki ba, kalmar ma ba ta cikin bakinsa. Amma sau biyar a rana yana tafiya masallaci a ƙafa, ya dawo a ƙafa, da hantsi ya leƙa kasuwa, da la'asar ya je majalisa. Wannan ita ce tafiyar da likita ya ce kada ya bari. Aka rufe masallatai, majalisa ta watse, sai ya koma daga tabarma zuwa buta, daga buta zuwa tabarma. A mako na uku na je na tarar ƙafafunsa sun kumbura. Na ce, "Kawu, ko zagayen layi ne a riƙa yi bayan asuba." Ya ce, "Ɗan nan, da furfurata in fita a sa ni tsallen kwaɗo? Gara in zauna." Tsoronsa yana da tushe. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoto a tsakiyar Afrilu cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a sassan ƙasar wajen tilasta bin dokar kulle a makonni biyun farko, adadin da ya zarce waɗanda cutar ta kashe zuwa lokacin. Masu irin ciwon kawu su ne korona ta fi yi wa illa, kuma su ne zaman wuri ɗaya ya fi cutarwa. Dokar ta kula da haɗarin farko, ta manta da na biyu.

Ba na cewa taron Gbagada daidai ne. Mutane kafaɗa da kafaɗa, suna haki suna ihu, babu takunkumi a fuska, a lokacin da babu rigakafi kuma gadajen asibiti ƙalilan ne, wannan haɗari ne na gaske, kuma gwamnatin da ta gani ta yi shiru da ta yi sakaci. Gwamna Babajide Sanwo-Olu da kwamishinansa na lafiya, Farfesa Akin Abayomi, suna aiki ne da ɗan abin da aka sani game da cutar a wancan lokaci. Daga baya ne ya bayyana sosai cewa ta fi yaɗuwa a rufaffen wuri marar iska, a fili kuwa haɗarin ya ragu ƙwarai. Ba zan tuhumi kowa da rashin sanin abin da duniya ba ta gama sani ba. Inda nake da ja shi ne maganin da aka zaɓa. An ga mutane sun taru a wuri ɗaya, sai aka kore su zuwa ɗakunan da suka fi wurin cunkoso, ba a tambayi me ya tara su a nan ɗin ba.

Abin da ya tara su a bayyane yake. Legas ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Nijeriya, kaso mai yawa na ƙasar ma ruwa ne, ga mutanen da gwamnatin jihar ke cewa sun haura miliyan 20. A ƙirga wuraren da talaka zai je ya miƙe ƙafa. Lambun Johnson Jakande Tinubu da na Ndubuisi Kanu suna Alausa, kusa da sakatariyar gwamnati. Muri Okunola yana Victoria Island. Freedom Park, tsohon gidan yarin Turawa, yana cikin tsibiri. Gadar Lekki zuwa Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013 kuma ta zama matattarar masu gudun safe, tana tsakanin unguwannin masu hali. Mutumin Agege ko Alaba Rago ba zai kai ko ɗaya ba sai da mota, motar kuwa an hana. Bar Beach da muka tashi muna zuwa ranar sallah, mu hau doki mu ci rake ba tare da wani shamaki ba, aikin Eko Atlantic, sabon birnin da ake ginawa a kan tekun da aka cike, ya haɗiye ta, sauran bakin tekun kuma galibi sai ka biya a ƙofa. Titunan cikin unguwa ba su da gefen masu ƙafa, inda ake da shi kuma 'yan tireda da motocin da aka ajiye sun cinye. To ranar da motocin haya na danfo da tireloli suka ɗauke ƙafa, sai ga shimfiɗaɗɗiyar kwalta mai faɗi, babu hayaƙi, babu oda. Shi ne fili mafi girma da mutanen Gbagada da Bariga da Oworonshoki suka taɓa samu a kusa da gidajensu, kuma ruwa duk inda ya sami gangara nan yake bi.

Mu a Agege ba mu yi sahu muna tsalle ba, amma mun yi namu. Da yamma ta yi, sai ka ga mutane a gefen layin dogo da bakin manyan layuka, wannan a tsaye, wancan na kai-komo da carbi a hannu. Shan iska muke ce masa. Da azumi ya kama a ranar 24 ga Afrilu, ba tafsiri, ba tarawihi a jam'i, sai fitar ta koma bayan shan ruwa. Sannan ga dararen da jita-jitar 'yan daba ta hana kowa barci, matasa suka riƙa ƙona tayu a mashigar layi suna gadi har asuba. A waɗannan darare an cuɗanya fiye da yadda aka yi a Gbagada, hayaƙin taya kuma ya cika ƙirjin tsofaffi da yara, sai dai babu wanda ya kira shi ganganci, domin kowa ya fahimci larurar da ta fito da mutane. Larurar iska da motsi ce kawai ba a yarda larura ce ba.

Wasu ƙasashe sun yarda. Ingila ta bar mutum ya fita motsa jiki sau ɗaya a rana tun farkon kullenta. Faransa ta ba da sa'a ɗaya, cikin kilomita ɗaya daga gida. Afirka ta Kudu ta hana baki ɗaya da farko, sannan daga 1 ga Mayu ta buɗe daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe kawai, sai bakin tekun birnin Cape Town ya cika da mutane a cikin waɗannan sa'o'i uku. Mu ma mun ga irin haka a kasuwannin abinci da aka ce su ci daga ƙarfe 10 zuwa 2, yau a buɗe gobe a rufe. Mutanen da da za su zo a warwatse daga safe zuwa dare, sai suka zo lokaci guda suna turereniya a kan tumatir da attarugu. Duk lokacin da aka ƙuntata wuri ko lokaci, buƙatar ba ta raguwa, matsewa take yi.

Da an ce kowa yana iya tattaki a cikin unguwarsa shi kaɗai ko da mutumin gidansa, daga asuba zuwa magariba, aka hana yin sahu da taruwa kawai, da aikin ɗan sanda ya zama raba cunkoso. Filayen makarantun gwamnati suna nan a rufe babu ɗalibi ko ɗaya, filin wasa na Agege yana nan, babban filin wasa na Surulere yana nan. Da an buɗe su, an sa masu unguwanni da shugabannin al'umma su tsara shiga rukuni-rukuni, an ware wa tsofaffi sa'ar bayan asuba, an ware wa mata tasu, da babu wanda zai yi tattaki mai nisa don neman titin Gbagada. Matan ma su ne suka fi kowa shan wuya, kuma su ne ba a gani a kowane bidiyo ba. Namiji ko ba komai ya tsaya a ƙofar gida. Matar aure a ɗakin haya, da yara huɗu da ba sa zuwa boko ba sa zuwa islamiyya, ta yi mako biyar tsakanin gado da lungun girki.

Annoba ta wuce, motoci sun karɓe titinsu, ƙarancin filin kuwa yana nan yadda yake, sai ma abin da ya ƙaru, don duk kangon da ya rage a unguwa ana kafa masa bene. Hukumar kula da lambuna ta jihar, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ta ƙawata wurare da dama, amma yawanci a shataletale da ƙarƙashin gada da unguwannin da dama can ba su rasa ba. Abin da Agege da Mushin da Ajegunle ke buƙata ƙaramin fili ne a kowace mazaɓa, da inuwa da benci, wanda tsoho zai kai a ƙafa cikin minti goma. Birnin Kigali na Ruwanda tun 2016 yake rufe wasu manyan tituna ga motoci a wasu ranakun Lahadi da safe don masu tafiya a ƙafa. Legas ta riga ta ga da idonta cewa in aka yi haka mutane za su fito.

Akwai kuma abin da ke hannunmu, wanda ba sai mun jira Alausa ba. Allah ya yi wa Hausawan Legas arziki, akwai dillalan shanu da 'yan canji da manyan 'yan kasuwa da ke gina masallatai, Allah ya saka musu. Amma sau da yawa ana gina masallacin ne har bakin kwata, ba a barin haraba, ba a dasa itace ko ɗaya. Filin Idi kuma sau biyu ake shigarsa a shekara, sauran kwanakin yana kulle ko ya zama wurin ajiye motoci. Ina roƙon sarakunan Hausawa na unguwanninmu da kwamitocin masallatai su duba yiwuwar buɗe waɗannan filaye bayan asuba da bayan la'asar, a dasa dalbejiya a kewaye, a ware wa mata ranakunsu, a sa mai gadi guda. Mai neman sadaka mai gudana kuma, in ya sayi fuloti a cikin unguwa ya bar shi a buɗe a matsayin wakafi, ya yi abin da tsofaffi da yara za su amfana da shi kowace rana.

An buɗe masallatai a Legas ranar Juma'a, 7 ga Agustan 2020. Na raka kawu. Tafiyar da ya saba yi a minti bakwai ba tare da tsayawa ba, ranar sai da muka zauna sau biyu a dakalin mutane kafin mu isa.