Ranar da Na Yabi Mai Makarantarmu da Kalmar Simulacrum

A makarantar kuɗin da nake koyar da Turanci, duk lokacin da za a yi taro ni ake ɗora wa rubuta jawabi, domin an yi ittifaƙi cewa jawabin da iyayen yara suka fahimce shi daga farko har ƙarshe bai cika jawabi ba. Da mai makarantar ya rasu, Allah ya jiƙansa, babban ɗansa ya dawo daga karatu a Ingila ya karɓi ragamar aiki, aka kuwa umarce ni da in shirya jawabin maraba. Abin da kowa yake faɗa game da saurayin shi ne kamarsa da mahaifinsa, kamar an tsaga kara: tsayin ɗaya, goshin ɗaya, tabarau mai kauri iri ɗaya, har da ɗabi'ar yin shiru ya zuba wa mutum ido. Na ƙudura cewa sai na samo kalmar da ta dace da wannan kama, wadda ko malaman lissafi ba su taɓa jin ta ba.

Na same ta a wani tsohon ƙamus da na saya a hannun masu baza littattafai a bakin titi. Kalmar ita ce simulacrum, layin farko na bayaninta kuma ya ce siffa ko kamannin wani abu. Ina shirin karanta layi na biyu aka ɗauke wuta, ni kuwa na ga abin da na samu ya wadatar. Ranar taro na gyara babbar riga, na ɗaga murya na sanar wa jama'a cewa sabon shugabanmu shi ne cikakken simulacrum na marigayi. Aka tafa sosai, wani daga cikin iyayen yara har ya miƙe yana cewa lallai Turanci ya zauna. Shi dai Yallaɓai bai tafa ba, ya cire tabaransa ya goge, ya mayar, ya ci gaba da kallona.

Washegari malamin tarihi, wanda ya yi shekaru a makarantar horar da limaman Katolika kafin ya sauya shawara, ya ja ni gefe ya ce, “Malam, tsakaninka da Allah, me Yallaɓai ya yi maka?” Daga nan ya buɗe mini karatu. Kalmar ta harshen Latin ce, daga simulare, wato kwaikwaya ko yin abu ya yi kama da wani, shi kuma daga similis, wato mai kama. Har nan babu laifi. Amma Rumawa da ita suke kiran mutum-mutumin allolinsu, kuma a Zabura ta Latin ita ce kalmar gumakan azurfa da zinariya, waɗanda aka ce suna da baki amma ba sa magana, suna da ido amma ba sa gani. Ya ƙara da cewa tun a ƙarshen ƙarni na 14 Turawan Ingila suka aro ta ta hanyar Faransanci a matsayin simulacre, galibi da ma'anar gunki, kafin siffarta ta Latin ta shigo a ƙarshen ƙarni na 16. Na tuna shirun Yallaɓai da kaurin tabaransa, na nemi kujera na zauna.

Da aka aiko cewa ana nemana a ofis bayan tashin yara, sai na duƙufa a kan waya ina haɗa hujjoji, domin ra'ayina shi ne kalmar da ta haura shekara dubu biyu a duniya ba za ta rasa ma'ana ɗaya mai kyau ba. Abin da ban shirya masa ba shi ne tarar da baffan Yallaɓai a ofis, dattijo mai carbi wanda ba ya jin Turanci, wanda kuma aka kai wa labari gida cewa an yi wa ɗansu wani kirari. Bayan mun gaisa ya ce, “Malam, fassara mini abin da ka kira yaron nan, da Hausa.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, asalin kalmar kama take nufi.” Ya ce kama da me? Na ce a zamanin da ana faɗinta ga mutum-mutumi, amma ba ita kaɗai ce ma'anar ba, domin mawaƙan Rumawa suna kiran inuwar mamaci da take bayyana ga masu rai da ita. Dattijo ya tsayar da jan carbi ya ce, “Fatalwa ke nan.” Na yi sauri na koma ga ilimi, na ce wani mawaƙi masanin falsafa mai suna Lucretius, wanda ya rayu a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi amfani da ita wajen bayyana yadda ido yake gani. A cewarsa kowane abu yana zubar da wani siririn ɓawo mai ɗauke da siffarsa, wanda yake yawo a iska har ya shiga idon mai kallo, kuma shi da kansa ya misalta ɓawon da saɓar da maciji yake bari a jikin ƙaya. Dattijo ya tambaye ni a hankali ko wane ne macijin a cikin wannan magana, tunda dai ƙaninsa yana kabari.

A nan ne Yallaɓai ya yi magana karo na farko, cikin ladabi, ya ce in ci gaba zuwa ƙarni na 19. Na ce a lokacin Turawa sun fi amfani da ita ga abin da yake da kamannin gaske amma cikinsa fanko ne. Ya ce saura ɗaya, wadda aka koya musu a jami'a, ta Bafaranshen nan Jean Baudrillard a littafinsa na shekarar 1981, ya kuma roƙe ni in fassara wa Baffa da bakina. Na duba ko'ina a cikin Hausa ban sami wata hanya ba, na ce, “Ranka ya daɗe, shi cewa ya yi kwafi ne wanda ba shi da asali.” Dattijo ya miƙe tsaye da sandarsa yana tambaya ko a gaban jama'a na ce ɗan ƙaninsa ba shi da asali, aka kuma tafa. Sai da Yallaɓai da masinja suka haɗu suna ba shi haƙuri, ni kuwa ina durƙushe ina rantsuwa cewa Bafaranshen talabijin da tallace-tallace yake nufi, bai san zuriyarsu ba.

Ba a kore ni ba. A ƙarshen wata ma aka miƙo mini takarda mai hatimi cewa an naɗa ni Shugaban Sashen Harsunan Ƙetare, sashen da babu kowa a cikinsa sai ni, babu ofis, albashi kuma yana nan yadda yake. Da na je godiya na ɗan yi tambaya a kan batun kuɗin, Yallaɓai ya gyara tabarau ya ce, “Malam, ai kai ne masanin kalmar, wannan simulacrum ne na ƙarin girma.” Jawabin bikin yaye ɗalibai kuwa an ba malamin lissafi, aka ce ya yi shi da Hausa.